Wuri Daga Tekun Indiya, Zinari Zuwa Turai: Yadda Fatake Su Ka Haɗa Duniya Tun Kafin Intanet

Duk inda aka zauna hirar finafinan Hausa ko littattafan soyayya, da wuya a tashi wani bai kawo maganar baƙin al'adu ba. Wannan ya ce rawa da waƙa na Indiyawa ne, wancan ya ce labarin kan sa ma kwaso shi aka yi daga wani fim na Amurka, wani kuma ya ɗora laifin duka a kan tauraron ɗan'adam da wayar hannu da intanet, waɗanda aka ce su ne su ka maida duniya tamkar ƙauye ɗaya. Idan ka na sauraren irin wannan muhawara, sai ka ɗauka cewa kafin zuwan Turawa kowace al'umma a killace ta ke, ba ta san kowa ba, kowa bai san ta ba, sai jiya-jiyan nan aka ɓalle ƙofa.

To, tarihi bai yarda da haka ba. Abin da masana ke kira dunƙulewar duniya, wato yadda kaya da kuɗi da ilimi da labarai ke ratsa ƙasashe har rayuwar mutanen wata nahiya ta dogara da ta mutanen wata, ya yi saiwa tun shekaru 700 zuwa 1,000 da su ka wuce, a bayan raƙumi da cikin jirgin ruwa mai tafiya da iska. Kuma ƙasashen baƙar fata na kudu da Sahara da su aka yi wannan hada-hada, don zinarin su na cikin abin da ya riƙe ta. Bari mu bi sawun abin daki-daki, mai karatu ya yanke wa kan sa hukunci.

Labarin wuri

Mu fara da abin da kowa ya fi so, wato kuɗi. Kalmar “kuɗi” kan ta jam'i ce ta “wuri”, shi ya sa har gobe idan za a ambaci maƙudan naira sai ka ji an ce wuri na gugar wuri. Shi kuwa wurin nan ba a kogin Kwara ko tafkin Chadi ake samun sa ba. Ɓawon wata 'yar halitta ce ta teku, kuma mafi yawan wanda aka yi ciniki da shi daga tsibiran Maldif ya fito, can cikin Tekun Indiya, kudu maso yamma da ƙasar Indiya.

Shahararren matafiyin nan Ibn Baɗuɗa ya ga wuri a tushen sa, ya kuma gan shi a inda ya ke ƙarewa. Ya zauna a Maldif har ya yi alƙalanci a can, ya ga ana sayar da wuri 400,000 a kan dinari ɗaya na zinari, wani lokaci ma ya fi haka araha. Bayan wasu shekaru da ya zo ƙasar Mali da birnin Gawo, sai ya tarar ana canjin wuri 1,150 a kan dinari ɗaya. Mai karatu ya buga lissafi da kan sa: darajar abin ta ninka kusan sau 350. Wannan rata ita ce ta biya kuɗin jirgin ruwa daga Maldif zuwa Yaman, da na Bahar Maliya zuwa Masar, da na ayarin da ya ratsa Arewacin Afrika da Sahara, kowane dillali a hanya ya ci ribar sa.

A shekarar 1964 wani mai bincike Bafaranshe, Theodore Monod, ya gano kayan wani ayari da aka binne a tsakiyar hamadar Muritaniya, a wani wuri da ake kira Ma'adin Ijafen. Sandunan farin tagulla ne fiye da 2,000 tare da tarin wuri, waɗanda aka ƙiyasta sun kai wajen shekara 800 zuwa 900 a ƙasa. Masu kayan sun ɓoye su da niyyar su dawo, amma ba su dawo ba. A ƙasar Katsina ma, a kaburburan manya na Durɓi Ta Kusheyi da ke yankin Mani, an tono wuri da duwatsun ado na gilashi da kwanonin ƙarfe na ƙasashen gabas, tare da kayan ado na zinari. Sai dai amfani da wuri a matsayin kuɗin kasuwa ya yi jinkirin isowa ƙasar Hausa. Littafin Tarihin Kano ya sanya shigowar sa a zamanin Sarki Sharefa, wanda ya yi mulki daga 1703 zuwa 1731.

Gishiri ya gangaro, zinari ya haura

Abin da ya sa mutum zai ɗauki ran sa ya shiga Sahara wata biyu cur abu biyu ne: gishiri da zinari. Mutanen kudu na da zinari a Bambuk da Bure, daga baya kuma a dazukan Akan da ke ƙasar Gana ta yau, amma gishiri ya yi masu ƙaranci. Mutanen hamada kuwa gishiri har ya yi masu yawa. Da Ibn Baɗuɗa ya isa Tagaza a 1352, bayan tafiyar kwana 25 daga Sijilmasa ta ƙasar Maroko, ya tarar gidajen garin da masallacin su duk da allunan gishiri aka gina su, aka rufe da fatun raƙuma. Ba bishiya ko ɗaya, ruwan sha mai zartsi ne, ga ƙudaje, kuma bayi ne ke aikin haƙa. Amma a wannan mugun wuri ake cinikin zinari mai ɗimbin yawa.

Kada mai karatu ya ɗauka cinikin ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda ne kawai ake yi. Tun a ƙarni na 10 wani marubuci mai suna Ibn Hauƙal ya ba da labarin takardar bashi ta dinari 42,000 da ya gani, tsakanin wani attajiri mazaunin Audagust, a kudancin Muritaniya ta yau, da abokin cinikin sa na Sijilmasa. Ya ce duk yawon sa a ƙasashen gabas bai taɓa jin irin ta ba. Wato tun a lokacin akwai amana da rubutu da shari'ar da za ta sa a ba mutum kayan dubban dinari a wannan gaɓa ta hamada, ya biya a waccan.

A ƙarni na 13 an yi wasu 'yan'uwa biyar 'yan gidan Maƙƙari, mutanen Tilimsan ta ƙasar Aljeriya, waɗanda su ka kafa abin da a yau za mu kira kamfanin ƙasa da ƙasa. Biyu su ka zauna a Tilimsan su na sayen kayan Turai da na Arewacin Afrika, biyu su ka tare a Walata su na tara zinari da hauren giwa da fatu, ɗaya kuma ya tsaya a Sijilmasa a tsakiya, aikin sa shi ne aika wa kowane ɓangare labarin farashi, ya ce ga abin da ya yi tsada, ga abin da ya faɗi. Har rijiyoyi su ka gyara a kan hanya saboda ayarin su.

Shi kuma zinarin, da ya isa gaɓar Bahar Rum sai ya ƙetara. A 1252 biranen Fulorens da Jenowa na Italiya su ka soma buga kuɗin zinari, birnin Benis ya bi sahu a 1284, bayan Yammacin Turai ta shafe ɗaruruwan shekaru ta na fama da kuɗin azurfa kusan zalla. Kaso mai tsoka na zinarin da aka buga kuɗin nan da shi daga Afrika ta Yamma ya fito. Da irin wannan kuɗi Baturen Benis ke sayen yaji da alharini a kasuwar Iskandariyya, kayan da su kuma daga Indiya da Sin su ka taso.

Hajjin da ya girgiza kasuwar Alƙahira

A 1324 Sarkin Mali Mansa Musa ya sauka a Alƙahira a kan hanyar sa ta zuwa aikin hajji, a zamanin Sarkin Masar Annasir Muhammad. Ya yi kyauta da sayayya da zinari har abin ya zama abin faɗi. Marubuci Al'umari, wanda ya bincika labarin bayan shekara 12, ya ce kafin zuwan mutanen Mali miskalin zinari ba ya kasa dirhami 25, amma tun daga lokacin bai ƙara wuce 22 ba. Mutum ɗaya da tawagar sa sun taɓa darajar kuɗi a babbar kasuwar duniyar Musulmi ta wancan zamani. Shi kan sa sarkin sai da guzuri ya ƙare masa, ya ci bashi a hannun attajiran Masar kafin ya koma gida.

Bai koma shi kaɗai ba. Ya taho da wani malami mawaƙi ɗan birnin Garnaɗa ta Andalus, Abu Ishaƙ Assahili, wanda ya zauna a Tumbutu har ya rasu a can a 1346. Labarin kuma bai tsaya a ƙasashen Larabawa ba. A 1375, a tsibirin Mayorka na ƙasar Sifen, aka zana wata babbar taswirar duniya wadda ake danganta ta ga wani Bayahude mai suna Abraham Kereskes. A ƙasan taswirar ga hoton baƙin sarki zaune a kan karaga, da kambi a kai, ya na riƙe da dunƙulen zinari, ga wani mai lulluɓi a kan raƙumi ya nufo shi. Taswirar na nan a ajiye a babban ɗakin karatu na ƙasar Faransa a birnin Faris. Ka ga Bayahude a ƙasar Kirista ya zana sarkin Musulmi baƙar fata, da labarin da ya samo daga bakin fatake.

Gabas da mu ma haka abin ya ke. Tun wajen shekarun 1240 mutanen Kanem su ka mallaki makaranta da masauki a Alƙahira domin ɗaliban su da alhazan su. A 1257 sarkin Kanem ya aika wa sarkin Tunis kyautar raƙumin dawa, mutanen birnin su ka yi dafifi wajen kallo. A 1414 kuma wani raƙumin dawan ya isa fadar sarkin Sin ta hannun sarkin Bengal, a zamanin da manyan jiragen ruwan Sin ƙarƙashin Zheng He ke zirga-zirga a Tekun Indiya, har su ka kai gaɓar Afrika ta Gabas.

Mutumin Tanja

Shi wannan Ibn Baɗuɗa da mu ke ta ambato, a birnin Tanja na Maroko aka haife shi a 1304. Ya bar gida a 1325 da niyyar hajji, ya na ɗan shekara 21, bai ajiye sandar tafiya ba sai bayan kusan shekara 30. An ƙiyasta ya yi tafiyar kimanin kilomita 120,000. Ya ga Makka da Bagadaza da Kilwa da Ƙusɗanɗiniyya, ya yi alƙalanci a Delhi a ƙarƙashin Sarki Muhammad bin Tugluƙ, ya ba da labarin Sin. Da ya dawo, Sarkin Maroko Abu Inan ya sa wani marubuci, Ibn Juzai, ya rubuta labarin daga bakin sa, aka kammala a 1355.

Abin lura a nan shi ne yadda mutum ɗaya zai yi irin wannan tafiya ba fasfo, ba banki, kuma kusan duk inda ya sauka ya samu masauki da aiki. Dalili shi ne daga Maroko har tsibiran Indonesiya akwai harshen ilimi ɗaya, wato Larabci, da littattafan fiƙihu da kowane alƙali ya sani, da zawiyoyi da gidajen baƙi na wakafi. Malami mai ijaza daga Fas zai iya zama alƙali a Maldif. Akwai wani labari da ya bayar mai nuna ƙanƙantar duniyar. A ƙasar Sin ya haɗu da wani attajiri ɗan garin Sabta na Maroko mai suna Albushri. Bayan shekaru, da ya zo Sijilmasa zai shiga Sahara, a gidan ɗan'uwan wannan mutum ya sauka. Ɗaya a bakin hamadar Afrika, ɗaya a Sin.

A 1353 ya iso Takadda, garin tagulla, wanda masu tonon tarihi ke ganin shi ne kangon Azelik da ke yamma da Agadas a Jamhuriyar Nijar. Ya ce daga nan ake kai tagulla zuwa Gobir da Barno. Wannan na daga cikin ambato mafi daɗewa da aka yi wa wata ƙasar Hausa a rubuce.

Yadda Kano ta shiga layi

Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Yaji, tsakanin 1349 da 1385, Wangarawa su ka zo daga Mali, su kimanin 40, ƙarƙashin Abdurrahman Zaite, su ka kawo wa fada Musulunci. Wangarawa malamai ne kuma 'yan kasuwa, su ne dillalan zinari da goro na daular Mali. A zamanin Abdullahi Burja, daga 1438 zuwa 1452, aka buɗe hanya daga Barno zuwa Gwanja, ƙasar goro, wadda ke arewacin Gana ta yau. A zamanin Yakubu, 1452 zuwa 1463, Fulani su ka zo da littattafan tauhidi da na lugga, gishirin Azbin ya wadata, Larabawa su ka fara zama a gari. Sai Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, wanda aka kafa Kasuwar Kurmi a zamanin sa.

A ƙarshen mulkin Rumfa ne Shehu Muhammad bin Abdulkarim Almagili, mutumin Tilimsan, ya zo Kano, ya rubuta wa sarki littafi kan ladubban mulki, sannan ya wuce Gawo wurin Askiya Muhammad. A daidai wannan lokaci babban malamin Masar Jalaluddin Assuyuɗi, wanda ya rasu a 1505, ya aiko wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha. Ba da daɗewa ba wani ɗan Garnaɗa da ya tashi a Fas, Alhasan Alwazzan, ya faɗa hannun 'yan fashin teku a 1518, aka kai shi Rum wurin Paparoma Leo na 10. A can ya rubuta littafin bayanin Afrika da harshen Italiya, aka buga a Benis a 1550. A ciki ya ambaci Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara da Gobir, ya ce takalman da dukawan Gobir ke ɗinkawa har Tumbutu da Gawo ake kai su, ya kuma ce a Tumbutu ribar littafi ta fi ta kowace haja. Da sunan Leo Afrikanus Turawa su ka san shi.

Shaidar wannan cuɗanya na nan a bakin mu kullum. Attajiri, dillali, riba, asara, alƙali, alharini, alkama, albasa, duk daga Larabci su ke. “Kasuwa” daga kalmar Larabci “suƙ” ta ke, ta biyo ta Barebari kafin ta iso mu. “Sukari” ya fi su nisan tafiya: daga tsohon harshen Indiya na Sanskirit ya shiga Farisanci, ya shiga Larabci, daga nan ya rabu, wani reshe ya yi Turai, wani ya yo nan.

Takarda, lamba da tatsuniya

Marubuta da makaranta littafi, wannan sashe naku ne. A Sin aka ƙirƙiro takarda, kuma ana danganta gyaran sana'ar ga wani ma'aikacin fada, Cai Lun, a shekara ta 105 miladiyya. A ƙarni na 8 aka soma yin ta a Samarƙand, kafin ƙarshen ƙarnin ta isa Bagadaza, inda ta sa littafi ya yi arahar da har aka samu kasuwar masu kwafe littattafai. Daga nan sai Dimashƙa da Masar da Andalus, sannan garin Fabiriyano na Italiya a ƙarni na 13. Daga baya sai kaya ya juyo: yawancin tsofaffin littattafan hannu da ke gidajen malaman Kano da Sakkwato da Barno a kan takardar Italiya aka rubuta su, mai alamar jinjirin wata uku, wadda ta biyo ta Tarabulus da Alƙahira.

Lambobin da mu ke rubuta farashin littafi da su Indiyawa ne su ka ƙago su. Alkawarizmi ya yi bayanin su a Bagadaza wajen shekarar 825. Wani yaro ɗan birnin Pisa, wanda aka fi sani da Fibonacci, ya koye su a garin Bijaya na Aljeriya inda mahaifin sa ke aikin kula da 'yan kasuwa, ya rubuta littafi a kan su a 1202. Kalmar “sifiri” tamu da “zero” ta Turawa uwa ɗaya ta haife su, wato “sifr” ta Larabci.

Labarai ma haka su ka yi fatauci. Tatsuniyoyin dabbobi na Indiya da ake kira Panchatantra an fassara su zuwa tsohon Farisanci a ƙarni na 6, Ibn Muƙaffa ya maida su Larabci wajen 750 da sunan Kalila wa Dimna, aka juya su zuwa harshen Sifen a 1251. Dare Dubu Da Ɗaya gauraye ne na labaran Indiya da Farisa da Bagadaza da Alƙahira. Duk wanda ya nazarci Magana Jari Ce na Alhaji Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937, ya san daga irin waɗannan rijiyoyi marubucin ya ɗebo, ya haɗa da tatsuniyoyin Turai. Shi kan sa akun nan mai hana ɗan sarki fita da daɗin labari, kakan sa na cikin wani tsohon littafin Indiya na labaran aku guda 70. Ruwan Bagaja kuma ya ɗebi wani abu daga Maƙamat na Alhariri, mutumin Basra wanda ya rasu a 1122. Ashe labarin Indiya ya riga fim ɗin Indiya isowa Kano, kuma ba wanda ya taɓa cewa littattafan Imam ba na Hausa ba ne.

Ba alheri kaɗai ayari ke ɗaukowa ba

Hanyar da ta kawo takarda ita ce ta kawo annoba. A 1347 cutar da Turawa ke kira Baƙar Mutuwa ta shiga jiragen 'yan kasuwar Jenowa daga tashar Kaffa a Bahar Aswad, ta isa Sisili da Iskandariyya. Cikin shekara huɗu ta kashe aƙalla kashi ɗaya cikin uku na mutanen Turai, ta yi irin wannan ɓarna a Masar da Sham da Magrib. Ibn Baɗuɗa na Dimashƙa a 1348, ya ga Musulmi da Yahudawa da Kirista sun fito tare, kowa da littafin sa, su na roƙon Allah ya yaye. Kafin ya isa gida cutar ta ɗauke mahaifiyar sa. Masanin tarihi Ibn Khaldun ma a cikin ta ya rasa iyayen sa biyu a Tunis. Wanda ya ga yadda korona ta zagaye duniya a 2020 zai gane abin. Bambancin kawai, waccan shekaru ta ɗauka a bayan dabba da jirgin ruwa, wannan makonni ta ɗauka a jirgin sama.

Sai kuma mafi ɗacin haja, wato ɗan'adam. Ayarin da Ibn Baɗuɗa ya bi daga Takadda zuwa Maroko na ɗauke da bayi mata kimanin 600. Wajen 1391 Sarkin Barno Usman bin Idris ya rubuta wa Sarkin Masar Barƙuƙ wasiƙa ya na kukan cewa wasu Larabawa na kama mutanen sa, 'ya'ya kuma Musulmi, su na sayarwa a Masar da Sham, ya roƙi a bincika a sako su. Sarakunan kudu da hamada su ma sun sayar da mutane don su samu dawaki da makamai. Wannan ciniki ya ci gaba har farkon ƙarni na 20, kuma shi ne jigon littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda Adamu Halilu ya maida fim a 1976.

Yadda hanya ta juya

Taswirar nan mai hoton Mansa Musa ta tada kwaɗayi. A 1415 Fotugal ta ci garin Sabta, ɗaya daga tashoshin da zinarin Sahara ke ƙarewa, daga nan jiragen ta su ka dinga gangarawa gaɓar Afrika su na neman tushen sa. A 1482 su ka gina ganuwar Elmina a gaɓar Gana, a 1498 Vasco da Gama ya kewaye Afrika ya isa Indiya. A 1591 sojojin Maroko masu bindiga su ka karya daular Songhai a Tondibi. Duk da haka fataucin Sahara bai mutu nan take ba, gabas ya matso, Katsina da Kano da Barno su ka ƙara ƙarfi. Da Bajamushe Heinrich Barth ya zo Kano a 1851 ya tarar ana kai tufafin da aka saƙa aka rina a nan har Tumbutu da Gat da Tarabulus. Jirgin ƙasa da ya iso Kano a 1911 shi ne ya ƙarasa juya fuskar kasuwa daga hamada zuwa Ikko.

Abin da ya rage mana

Idan aka dubi wannan tarihi, tambayar ko za a ɗauki na waje ko ba za a ɗauka ba ta daɗe da samun amsa. Rawani da alkyabba da takarda da kuɗi da rabin kalmomin kasuwa duk baƙi ne da su ka zama 'yan gari. Tambayoyin da su ka rage biyu ne. Ta farko, me mu ke yi da abin da mu ka ɗauko? Imam ya ɗauko aku daga Indiya, amma sai da ya zaunar da shi a fadar da kowane Bahaushe zai gane, da waziri da dogarai da 'yan kasuwa irin namu, ya sa masa magana a baki wadda ba ta da ƙamshin fassara. Furodusan da ya ɗauko fim ɗin Bombay sukutum, ya sauya sunayen 'yan wasa kawai, bai yi wannan wahala ba, kuma mai kallo na gane bambancin.

Ta biyu, me mu ke fitarwa, kuma da sunan wa? Jar fatar akuya ta Kano da Sakkwato ta shafe ɗaruruwan shekaru ta na ƙetare Sahara, Turawa na yi wa littattafan su bango da ita, amma da sunan fatar Maroko su ka san ta, saboda daga tashoshin can su ke sayen ta. Majemin da ya yi aikin ba wanda ya san da shi, kuma mafi tsokar riba a hannun dillalan hanya ta tsaya. A yau da fim ɗin Hausa ke isa ga masu kallo a Kumasi da Yawunde da Khartum da Jidda ta YouTube a rana ɗaya, ya kamata marubuci da darakta su tambayi kan su wa ke riƙe da hanyar, wa ke cin ribar ta, kuma sunan wa ke kan kayan.

Sannan ga labarai nan zube ba wanda ya taɓa. A 2009 wasu kamfanonin waje su ka yi fim a kan hajjin farko na Ibn Baɗuɗa, aka nuna shi a manyan majigai na duniya. Zuwan Wangarawa Kano, da zaman Almagili a fadar Rumfa, da madugun da ya binne tagullar sa a hamada bai dawo ba, da ɗalibin Kanem da ya sauka a Alƙahira bai san kowa ba, duk su na nan su na jiran marubucin da zai zauna ya yi bincike, da furodusan da zai yarda ya kashe kuɗi a kan raƙuma da rawuna.